Makarantarmu Ba Marainiya Ba Ce: Wa Ke Da Ikon Hukunta Malami?

A wannan fitowa, shafinmu na 'yanci zai tsaya ne kan magana guda wadda ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, muna ta yi mata rufa-rufa saboda kunya da tsoro. Maganar ita ce: idan malami a makarantar da jama'a suka gina da guminsu ya ƙi aiki, ko ya ci amanar yara, wa ke da ikon tsawata masa, wa ke da ikon dakatar da shi, wa kuma ke da ikon sallamarsa?

Amsarmu ba tare da kwana-kwana ba ita ce, kwamitin makarantar. Ba kansila ba, ba baturen 'yan sanda ba, ba alhajin da ya ba da buhun siminti ranar aza harsashi ba, ba kuma taron iyaye masu fushi a bakin ƙofa ba. To amma wannan iko yana da sharaɗi, kuma rashin cika sharaɗin ne ya sa kullum ake yi mana sakiyar da ba ruwa, mu koma gida muna cewa an zalunce mu don mu baƙi ne.

Duk magidancin da ke zaune a Dutse Alhaji ko Dutse Makaranta ya san abin da waɗannan makarantu suke nufi a wurinmu. Da karo-karon 'yan tireda, direbobi, masu sayar da nama, masu gadi da matan da ke sana'ar cikin gida aka ɗora bulo kan bulo, aka haɗa karatun addini da na boko wuri guda domin kada yaranmu su tashi da ƙafa ɗaya. A shekarar 2025, lokacin da malaman firamaren gwamnati na ƙananan hukumomin Abuja shida suka shiga yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi, daga watan Maris har zuwa Yuli, sama da wata uku azuzuwan gwamnati na rufe. A wannan lokaci iyaye da yawa suka gane cewa makarantar unguwa da suke rainawa ita ce ta hana 'ya'yansu gararamba a bakin kasuwa. Abin da yake da wannan daraja bai kamata a bar shi ya zama marainiya ba, kowa ya zo ya mare ta ya wuce.

Abubuwa biyu da suka faru

Ba za mu kama sunan kowa ba, amma da yawanku kun san abubuwa biyu da suka faru a makarantunmu a 'yan zangunan nan.

Na farko, wani malami ya yi kusan mako uku ba ya leƙa aji, yana can yana wata harka tasa. Da hedimasta ya gaji, sai ya tare shi a hanya ya ce masa kada ya sake dawowa. Bayan kwana biyu sai ga takardar gayyata daga caji ofis, washegari kuma sai ga wayar wani ɗan siyasa yana cewa yaronsa ne, a mayar da shi. Da aka tambayi kwamiti ina shaidar cewa malamin ya yi fashi, babu rajistar zuwa aiki, babu takardar gargaɗi, kai, ko takardar ɗaukarsa aiki ma babu. Aka mayar da shi ana ba shi haƙuri. Sauran malamai kuwa suka ɗauki darasi: ashe mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Na biyu, wata malama da kowa ya shaida ƙwazonta ta sami saɓani da iyalin wani mai hannu da shuni da ke taimaka wa makarantar. Ba a kira ta ba, ba a ji ta bakinta ba, sai saƙo aka aika mata cewa ta zauna a gida, alhali tana bin makarantar albashin wata biyu. Ita ba ta da ɗan siyasa, don haka ta haɗiye ta bar wa Allah.

Wasu suna ganin na farko an zalunci makaranta, na biyu kuma makaranta ce ta yi zalunci, don haka abubuwa ne daban. Mu kuwa muna cewa ciwo ɗaya ne. A duka biyun babu ƙa'ida rubutacciya, don haka mai ƙarfi ne ya yi nasara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga masu cewa mu baƙi ne

Akwai dattawanmu da duk lokacin da aka taso da irin wannan magana sai su ce a yi haƙuri, a bi a hankali, garin ba namu ba ne. Muna girmama su, kuma mun san abin da idanunsu suka gani, musamman a shekarun rusau na 2003 zuwa 2007. Amma da girmamawa muke cewa wannan magana ba ta da tushe a doka.

An kafa Babban Birnin Tarayya ne da Doka ta 6 ta shekarar 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, domin ya zama na kowane ɗan Najeriya, kuma gwamnati ta tare a cikinsa a watan Disambar 1991. Kundin Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so a faɗin ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a tauye wa mutum wani haƙƙi saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko asalin garinsu. Sashe na 40 ya ba mu 'yancin haɗuwa mu kafa ƙungiya don kare muradunmu. Gbagyi da sauran waɗanda muka tarar a wannan ƙasa maƙwabtanmu ne na mutunci, sarakunansu da masu unguwanninsu suna da haƙƙin girmamawa a kanmu, kuma su kansu suna da nasu kukan na filaye da ya cancanci a saurara. Amma girmamawa daban, ikon ɗaukar malami da sallamarsa daban. Babu inda doka ta ce makarantar Bahaushe a ƙaramar hukumar Bwari tana da rabin 'yancin makarantar wani.

'Yancin kafa makaranta kuwa ba kyautar wani gwamna ba ce, a kotu aka ƙwato shi. A shekarar 1980 gwamnatin Legas ƙarƙashin Alhaji Lateef Jakande ta fitar da sanarwar cewa za ta soke makarantun firamare masu zaman kansu. Babban limamin Katolika na Legas a lokacin, Anthony Olubunmi Okogie, tare da wasu, suka garzaya kotu. A 1981 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce makaranta tana cikin hanyoyin yaɗa ilimi da ra'ayi da tsarin mulki ya ba kowa 'yancin kafawa da gudanarwa. Wannan tanadi shi ne yake sashe na 39 a kundin da muke amfani da shi yanzu. Limamin coci ne ya kai ƙarar, amma hukuncin inuwa ce da ta rufe Islamiyyarmu ita ma. A lura da kalmar gudanarwa. Wanda aka ce ya gudanar da makaranta amma aka hana shi cewa uffan ga malamin da ke cikinta, to allon suna kawai aka bar masa.

Sai kuma sashe na 38, ƙaramin sashe na 3, wanda ya kamata kowane ɗan kwamiti ya san shi kamar sunansa. Abin da yake cewa shi ne, ba za a hana wata al'umma ta addini koyar da 'ya'yanta addininsu a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta ba. Sashen bai ambaci korar malami da suna ba, kada wani ya je ya faɗi abin da ba mu faɗa ba. Amma kowane mai hankali ya san koyarwa ba ta yiwuwa sai da mai koyarwa, kuma al'ummar da ke da 'yancin koyar da 'ya'yanta ita ce za ta zaɓi wanda za ta damƙa wa amanar.

Kowa ya ci ladan kuturu

A wannan sashe akwai sharaɗin da ya kamata mu tsaya a kansa: makarantar da al'umma ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta. Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan hannun gwamnati ya shiga. Bayan yaƙin basasa, tun daga 1970, gwamnatocin jihohi suka riƙa karɓe makarantun mishan da na ƙungiyoyin Musulmi, har gwamnatin soja ta tabbatar da karɓewar da doka a 1977. Sai bayan shekaru masu yawa wasu jihohi suka soma mayarwa, kamar Legas a 2001 da Anambra a 2011. A Kwara kuwa, a shekarar 2021, sai da gwamnati ta rufe makarantu goma a Ilorin saboda rikicin hijabi, kuma gindin rikicin shi ne tambaya guda: makarantar da coci ta kafa amma gwamnati ke biyan malamanta, ta wace ce?

Ko a Indiya, ƙasar da ta fi mu fayyace wannan magana, haka abin yake. Sashe na 30 na tsarin mulkinsu ya ba marasa rinjaye na addini da na harshe 'yancin kafa makarantunsu da gudanar da su, tanadin da mu ba mu da irinsa da wannan suna. A 1974, a shari'ar wata kwalejin Kirista da ke Ahmadabad, alƙalai tara na Kotun Ƙolinsu suka ce ba za a tilasta wa irin wannan makaranta ta nemi amincewar shugaban jami'a kafin ta sallami malami ba, amma suka bar sharaɗin cewa dole a sanar da malamin laifinsa a kuma ji ta bakinsa. A 2002 alƙalai 11 suka ƙara tabbatar da cewa makarantar da ba ta karɓar tallafin gwamnati ta fi kowa 'yancin gudanar da harkar ma'aikatanta. Amma a 2020 kotun ta amince da dokar jihar Bengal ta Yamma da ta ba wata hukumar gwamnati ikon zaɓo malamai ga makarantun Islamiyyar da gwamnati ke tallafawa.

Darasin a fili yake. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ba muna cewa a ƙi taimako ba ne. Wanda ya kawo kujeru ko ya rufa mana aji, Allah ya saka masa. Amma a gaya masa tun ranar, a kuma rubuta a littafin taro, cewa sadaka ya yi, ba hannun jari ya saya ba. Ɗan siyasar da ya ce zai riƙa biyan albashin malami biyu, a tambaye shi tun wuri: idan ɗayansu ya yi laifi, wa zai hukunta shi? Idan ya soma inda-inda, to a bar masa kuɗinsa.

Waɗanda doka ta yarda su sa baki

Kada kuma wani ya ɗauka muna cewa makarantarmu wata ƙasa ce mai cin gashin kanta. Sashe na 45 na kundin ya yarda a yi dokokin da za su taƙaita irin waɗannan 'yanci saboda lafiyar jama'a, tsaro da kare haƙƙin wasu. Akwai ƙofofi huɗu da hukuma ke shigowa ta cikinsu, kuma kowace da iyakarta.

Ta farko, Sakatariyar Ilimi ta Babban Birnin Tarayya, ta hannun sashenta mai tabbatar da ingancin makarantu. Su ke ba da izinin buɗe makaranta, su duba gini, manhaja da takardun malamai, kuma suna iya rufe makarantar da ba ta cika ƙa'ida ba. Idan sun zo da katin shaida, a ba su kujera a buɗe musu littattafai.

Ta biyu, Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993. Ita ke yi wa malamai rajista, kuma tana da kwamitin bincike da na ladabtarwa da ke iya soke sunan malami daga rajista idan ya yi abin kunya a sana'ar. Manufar ilimi ta ƙasa ta sa takardar NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar shiga aikin koyarwa. Saboda haka kwamitin da ya ɗauki ƙanen matar shugaba don kawai ba shi da aikin yi, shi ya buɗe ƙofa da hannunsa.

Ta uku, 'yan sanda, amma a kan laifi kawai. Idan malami ya raunata yaro, ko ya yi lalata da ɗaliba, ko ya sace kuɗin makaranta, wannan ya wuce hurumin kwamiti shi kaɗai. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 duka suna aiki kai tsaye a Abuja. Wanda ya ce a rufa asiri a irin wannan, asirin wa ake rufawa, kuma na wa ake tonawa? Kwamiti ya dakatar da shi nan take, a kai yaro asibiti, a kai rahoto. Amma rigimar albashi, ko ta sallama, ko ta saɓa yarjejeniyar aiki, ba ta caji ofis ba ce. Sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, da sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020, duka sun hana a kama mutum saboda saɓanin da ba na laifi ba ko saɓa yarjejeniya. Idan takardar gayyata ta zo, a amsa cikin ladabi, a tafi da mutum biyu da fayil a hannu, a bayyana cewa maganar aiki ce. Wannan doka kuma takobi ce mai kaifi biyu: mu ma ba mu da ikon sa a tsare malami don ya bar aiki ba sallama.

Ta huɗu, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke zama a Garki. Tun gyaran tsarin mulki na uku na shekarar 2010, sashe na 254C ya ba ta ita kaɗai hurumin sauraron rigimar ma'aikaci da mai aiki. Malamin da ya ga an zalunce shi, can ne gidansa. Kotun kuma tana da sashen sasantawa ga waɗanda ba sa son doguwar shari'a.

A duba waɗannan ƙofofi huɗu da kyau. A cikinsu akwai kansila? Akwai shugaban jam'iyya na mazaɓa? Akwai mai kuɗin unguwa? Babu. Za su iya roƙo kamar yadda kowane dattijo ke iya roƙo, kwamiti kuma ya saurara. Amma roƙo ba umarni ba ne.

Ga masu cewa tamu ce, mu yi yadda muka ga dama

Yanzu sai mu juyo kan namu, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai 'yan kwamitin da suke ganin malami kamar yaron shago ne, a kira shi da safe a kore shi da yamma. Waɗannan su ne suka fi kowa jefa makarantunmu cikin haɗari.

Gaskiya ne, malamin makaranta mai zaman kanta ba kamar ma'aikacin gwamnati ba ne wanda doka ta shimfiɗa matakan korarsa. Tsakaninsa da makaranta yarjejeniya ce, kuma bisa al'ada kotu ba ta cika tilasta wa mai aiki ya ci gaba da riƙe wanda ba ya so ba, sai dai ta sa a biya diyya. Amma zamanin da ake cewa mai aiki na iya sallama da dalili ko ba dalili yana shuɗewa. A shekarun nan Kotun Ma'aikata ta sha yanke hukuncin cewa sallama ba tare da ingantaccen dalili ba rashin adalci ne ga ma'aikaci. Diyyar shari'a ɗaya tana iya cinye kuɗin makarantar zango guda. Wa zai biya? Mu ne dai, da wani sabon karo-karo.

Jin ta bakin wanda ake tuhuma kuwa ba sabon abu ba ne. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, a 1986, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗaliban da aka zarga da tarzoma, kuma cikin dalilanta akwai cewa shugaban kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Ɗalibai ne a jami'ar gwamnati, amma ƙa'idar ta game kowa: wanda aka yi wa laifi ba ya zama alƙali. A shari'ar Yusuf da Union Bank kuma, a 1996, kotun ta nuna cewa mai aiki na iya korar ma'aikaci kan babban laifi ba sai ya jira an gama shari'a a kotu ba, muddin ya sanar da shi abin da ake zarginsa ya kuma ba shi damar kare kansa. Ke nan doka ba ta ɗaure mana hannu ba. Hanya ta nuna mana.

Ga hanyar, kuma ba ta buƙatar digiri.

Da farko, makaranta ta zama tana da rajista, amintattunta kuma su yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, domin a san takamaimai wa ya ɗauki malami aiki. Makarantar da ba a san mai ita ba, kowa mai ita ne.

Na biyu, kowane malami, har da mai koyar da hadda, ya sami takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da albashinsa, ranar biya, lokacin aiki, laifuffukan da ke jawo gargaɗi, da waɗanda ke jawo kora, da tsawon wa'adin sallama. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci irin wannan takarda kafin wata uku su cika, ta kuma tsara wa'adi: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Ita dokar ta ware masu aikin ƙwarewa daga cikin waɗanda take karewa, don haka lauya na iya jayayya ko ta shafi malami mai takardar koyarwa. Wannan ma ƙarin dalili ne na a rubuta wa'adin a cikin takardarmu, domin abin da aka sa wa hannu shi kotu za ta fara dubawa.

Na uku, littafin zuwa aiki, kowa ya sa hannu da safe da kuma lokacin tashi. Littafin nan ya fi shaidu goma.

Na huɗu, idan an yi laifi, a ba malami takardar tuhuma da ke faɗin abin da ya yi, da rana da wuri, a ba shi lokaci ya amsa a rubuce. Idan amsar ba ta gamsar ba, mutum uku su zauna da shi, ban da wanda ya kawo ƙara, ban da ɗan'uwan mai ƙara. A bar shi ya zo da shaidarsa. A rubuta abin da aka ce, kowa ya sa hannu.

Na biyar, hukunci ya yi daidai da laifi. Makara ba sata ba ce. Gargaɗi, gargaɗi na ƙarshe, dakatarwa, sannan sallama. Kada a dakatar da mutum ba albashi sai in takardar aikinsa ta tanadi haka.

Na shida, ranar da aka sallame shi a biya shi duk abin da yake bi, har da kuɗin wa'adi idan ba a ba shi wa'adin ba, a karɓi sa hannunsa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 tun 2024, kuma doka ta ɗauke wa wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Yawancin makarantunmu suna cikin waɗanda aka ɗauke wa. Amma ɗan abin da muka yi alkawari, riƙe shi zalunci ne, kuma kwamitin da malami ke bi bashin wata uku ba shi da bakin tambayarsa don me ya makara.

Uzurorin da muka gaji da ji

Za a ce takarda al'adar Bature ce, mu da amana muka saba. To aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma albashin da ba a biya ba bashi ne. Da yawanmu a wannan ƙungiya da furfurarmu muka zauna a ajin yaƙi da jahilci muka koyi haɗa baƙi, saboda mun gaji da dangwala yatsa a kan abin da ba mu san mene ne ba. Ba za mu sha wannan wahala ba sannan mu bar makarantar 'ya'yanmu tana tafiya a kan ka ce na ce.

Za a ce malamin addini ba a tuhumarsa, ana tsoron bakinsa. Mu ma muna girmama ma'abota Alƙur'ani, kuma wannan girmamawa ce ta sa muke cewa kada a kore su a tsaye a bakin hanya kamar ɓarayi. Takarda mutuncinsu take karewa. Wanda kuma ya fake da rawani yana cutar da yara, shi ya fara zubar da girman rawanin, ba kwamiti ba.

Za a ce ɗan garinmu ne, tare muka zo, da wane ido za mu kalli iyayensa idan mun je gida da Sallah? To da wane ido za mu kalli yara arba'in da suka yi zango guda ba a koya musu lissafi ba? Zumunci yana nan, a taimaka masa da jari ko a nema masa wani aiki. Amma ba da makomar 'ya'yan mutane ake yin zumunci ba.

Za a ce ba mu da kuɗin lauya. Rubuta takardar ɗaukar aiki guda, wadda duk makarantunmu za su kwafa, bai kai kuɗin shari'a ɗaya ba. Malamin da ba shi da hali kuma yana iya kai kukansa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da ke Maitama, ko ofishin ƙwadago. Muna faɗin wannan a fili domin malamai ma 'ya'yan wannan ƙungiya ne, ba abokan gaba ba.

Abin da muke nema

Saboda haka muna kira ga kowane kwamitin makaranta da ke ƙarƙashin inuwar wannan ƙungiya da ya kawo wa sakatariya kwafin takardar rajistarsa da sunayen amintattunsa kafin a koma sabon zango. Duk malamin da ke aiki ba takarda, a ba shi kafin ƙarshen zangon. Malamar da aka sallama ba a ji ta bakinta ba, a kira ta, a saurare ta, a biya ta haƙƙinta, ko da wanda zai ji haushi. Malamin da aka mayar saboda waya, a buɗe masa littafin zuwa aiki daga ranar Litinin kamar kowa, in ya gyara shi ke nan, in ya sake a bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, sannan mu ga wayar da za ta goge sa hannunsa.

Iyaye mata, ku da kuka fi kowa sanin ranar da yaro ya dawo ba a yi karatu ba, ku kawo ƙorafi ofishin hedimasta, a rubuta, ku karɓi shaida. Wadda ba ta iya rubutu ba, sakatariya za ta rubuta mata kyauta, a karanta mata kafin ta dangwala. Kada a tara jama'a a bakin makaranta, domin ranar da aka taɓa lafiyar malami, laifin ya tashi daga kansa ya dawo kanmu.

Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Doka ta ba mu ikon gudanar da abin da muka gina, kuma babu wanda zai ƙwace wannan iko daga hannun mutanen da littattafansu ke tsaf. Wanda yake da ja a kan abin da muka faɗa, ƙofar wannan shafi a buɗe take, ya rubuto za mu buga, ko ya zo taron wata ya faɗa a gaban jama'a.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba malamanmu haƙurin aiki, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci ko a kan nasu ne. Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa
Dutse Alhaji, Abuja